Ruwan Bula a Banɗakin Maman Faranki

Duk wanda ya taɓa sayen buhun siminti a kasuwar Kafanchan ya san Chinwe, ko da bai san sunanta ba. Maman Faranki ake ce mata, da sunan ɗanta na fari, Franklin. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, muryarta kuwa idan ta kira ɗan dako daga bakin shagonta, har 'yan citta da ke can ƙarshen layi sai sun waiwaya. Tun tana budurwa ta zo garin, ta auri Pius direban jirgin ƙasa. Lokacin yaƙin basasa suka tafi garinsu, da aka gama suka dawo suka tarar da gidansu yana nan da kwanonsa da ƙofofinsa, domin maƙwabcinsu Malam Nuru ya riƙe musu makulli. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta tuntuɓe, sai dai idan ranta ya ɓaci namiji kan koma mace a bakinta, kuma ba wanda ya isa ya gyara mata.

A shekarar 1991 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Pius. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan jirgi daga Kafanchan zuwa Inugu, ya koma ba ya iya taka tsakar gida zuwa wurin wanka sai an ɗauke shi cak. Baki ya karkace, magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya. Franklin, wanda ke aiki a Kaduna yana zaune a Sabon Tasha, ya zo ya ce shi magana ɗaya ya kawo: a sayar da gidan, iyayen su koma wurinsa. Ya ce tun rikicin tamanin da bakwai unguwar ta canja, rabin mutanensu sun tashi, me ake jira? Chinwe ta ce ita a Kafanchan ta haihu, a nan ta binne ɗa, a nan kasuwarta take, ba za ta je ta zauna a ɗaki ɗaya surukarta na auna mata gishiri ba.

Da ya ga ba za ta motsa ba, sai ya yi abin da yake ganin taimako ne. Tana can asibiti tana jinyar uban, ya kawo wani mai tayil daga Kaduna, suka fasa ƙofa daga ɗakin Pius, suka tada banɗaki a jikin bangon da ya raba gidansu da na Malam Nuru, don ta nan ne kaɗai rariya za ta iya fita lungu. Suka manna fararen tayil a kan bulo kai tsaye, suka kama hanya. Kyau kam ya yi kyau, har maƙwabta na zuwa kallo.

To, tayil fa ado ne. Wanda ya ce maka tayil yana tare ruwa, bai taɓa ɓamɓare tsohon tayil ya ga abin da ke bayansa ba. Ruwa yana bi ta layukan da ke tsakani ya shiga bulo, bulo kuwa shan ruwa yake kamar burodi a shayi. Ga shi wankan mara lafiya ne: a zaunar da shi kan kujera, a yi ta kwarara masa ruwan ɗumi da kwano safe da yamma, ruwa na fallatsa ko'ina. Wancan ɓangaren bangon kuwa shi ne gabas ɗin ɗakin Malam Nuru, daidai inda yake shimfiɗa buzu ya yi nafila. Tsakiyar rani, ko ɗigon ruwan sama babu, bango ya fara gumi. Farar ƙasa ta kumbura ta zubo, wani farin gishiri ya feso, buzun ya yi danshi yana ƙamshin sabulun wasu.

Malam Nuru dattijo ne mai sayar da yadi, ba mai yawan magana ba. Da shi kaɗai ne, da ya ja buzunsa gefe ya yi shiru. Amma akwai ƙanensa Lawal, wanda ke zaune a gidan, mutum mai saurin hawa, kuma shagonsa na cikin waɗanda suka ƙone a rikici, bai manta ba. Lawal ya fita ƙofar gida ya ce ruwan wankan maƙwabta na shigowa ta alƙiblar yayansa, kuma wa ya sani ko da gangan ne. A garin da bai gama warkewa ba, irin wannan magana ba a barinta ta kwana. Mai unguwa ya aika a kira kowa.

Akwai wani abu da mazan ba su sani ba. A katangar tsakar gida, bayan madafi, akwai wata 'yar ƙofa da matan gidajen biyu suka sa aka fasa tun 'ya'yansu na rarrafe, wato Chinwe da Rahmatu matar Malam Nuru. Ta nan wuta ke wucewa, da gishiri, da naman sallah da shinkafar Kirsimeti. Bayan rikici Lawal ya gicciya katako ya buga ƙusoshi ta ɓangarensu, Franklin ya jingina fallen kwano ta nasu ɓangaren, Malam Nuru kuma ya ce wa matarsa a bar bin ƙofar nan sai ƙura ta lafa. Har yau ba a zo an ce ta lafa ba. Matan suka bar maza da zancensu. Rahmatu ta yi ta girgiza ƙusoshin da bakin wuƙa har ya rage saura ɗaya, katakon ya koma yana juyawa kamar hannun agogo. Tun da Pius ya kwanta, kullum da rana idan Chinwe na kasuwa, maza kuma sun fita, Rahmatu kan juya katakon ta shigo da kwanon kunu, ta ba shi a baki, ta gyara masa filo ta koma. Su uku kaɗai suka sani, na ukun kuma ba ya iya faɗa.

A zauren mai unguwa, Lawal ne ya fara.

"A rushe shi kawai, ranka ya daɗe. Da can da suke wanka a bayan gida wa ya ji kanmu?"

Franklin, da ya zo daga Kaduna don zaman, bai ma yi ƙoƙarin ɓoye daɗin da ya ji ba. Ya sunkuyo ya ce wa uwarsa, "Mama, kin gani ko? In babu banɗakin nan ba yadda za ki yi da Papa. Ni na riga na gyara muku ɗaki."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta san gaskiya ce. Bayanta ba zai ɗauki Pius zuwa ƙarshen gida safe da yamma ba. Idan banɗakin ya faɗi, zamanta a Kafanchan ya faɗi tare da shi. Ta gyara ɗaurin zanenta ta dubi mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, laifin namu ne, ban musa ba. Ruwanmu ne a ɗakin Malam, kuma na ji kunya ƙwarai. Amma bango ba ta yi laifin da za a kashe ta ba, aikin banza aka yi mata. Ku ba ni lokaci in gyara. In na gama, kafin in manna tayil ko ɗaya, zan toshe rariya in cika ɗakin da ruwa, ku ja layi da hannunku daidai bakin ruwan, ku tafi, ku dawo. Idan ruwan ya sauka daga layin nan, ni da kaina zan ɗauki guduma."

"Kuma ki bi ni Kaduna," in ji Franklin.

"Kuma in bi ka Kaduna."

Mai unguwa ya dubi Malam Nuru. Dattijon ya ce ya yarda, domin Maman Faranki ba ta taɓa sayar masa da simintin da ya sha raɓa ba.

Washegari ta kira Meshak, wani magini ɗan Fadan Kaje mai furfura, wanda ba ya iya ɗaga cokalin gini sai da waƙar coci a bakinsa. Sun daɗe suna hulɗa, kuma ba su taɓa rabuwa ba tare da gardama ba. Ta ba shi guduma da cizal ta ce ya sauke tayil ɗin nan duka. Meshak ya shafa su da tafin hannu, ya ce sababbi ne fa, ko a ƙara cike layukan da farin siminti a huta? Ta ce in yana son su ya kwashe gutsattsarin ya kai wa matarsa. Da ya ɓamɓare na farko, bulon da ke baya ya fito baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf, yana warin rijiyar da aka daina ja. Meshak ya daina waƙa, ya ce lallai.

Sai aka bar bangon tsirara ya sha iska. Nan ne haƙurin kowa ya kusa ƙarewa, ban da nata. Lawal na wucewa yana tambaya ko aikin ya gagara ne. Meshak na zuwa da safe ya ce ai ya bushe. Ita kuwa sai ta manna ledar burodi a jikin bulo ta danne gefunan, gari ya waye ta ɗaga ta nuna masa gumin da ya taru a ciki, ta ce ya koma gida ya gai da yara. Wanda ya rufe bango da ruwa a cikinsa, in ji ta, ya kulle ɓarawo ne a ɗaki. A duk tsawon lokacin, da tawul da baho take goge wa Pius jiki a kan gado, bayanta na ciwo, ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar da ledar ta wayi gari a bushe, aiki ya tashi. Suka bi kowace tsaga suka buɗe ta suka cike. Kusurwar da bango ya haɗu da daɓe, inda ruwa ya fi son laɓewa, ta hana a bar ta da kaifi, ta sa Meshak ya cika ta da siminti ya bi da gindin kwalba har ta yi lanƙwasa sumul kamar cikin ƙwarya. Ta kawo garin nan na hana ruwa daga shagonta, ta tsaya a kansa aka gauraya shi da siminti tun yana busasshe, kafin a zuba ruwa, aka yi yaɓe. Daɓen kuma ta sa aka karkata shi zuwa rariya, ta gwada da ƙwallon goruba: duk inda ta ajiye shi sai ya gangara can.

Da yaɓen ya kama, aka dafa kwalta a rabin ganga a tsakar gida, hayaƙi ya cika unguwa har kaji suka bar wurin. A nan suka yi babbar gardamarsu. Meshak ya shafa kwalta zuwa gwiwa ya ajiye buroshi, ya ce haka ake yi a gidajen Turawa na kwatas ɗin reluwe, ya gyara su da yawa.

"Turawa kwanciya suke yi a cikin baho kamar kifi," in ji Chinwe. "Mu watsawa muke yi. Zauna nan."

Ta zaunar da shi kan kujerar Pius a tsakar gida kusa da katanga, ta ɗebi ruwa a kwano ta kwarara masa a ka da rigarsa da komai. Ta nuna masa inda ruwan ya fallatsa a katangar, can sama da kansa. Meshak ya share fuska, ya ce a gidansu ba a yi wa dattijo baftisma sau biyu, ya ɗauki buroshi ya hau benci. Aka shafa kwalta har sama da tsayin mutum, shafin farko daga sama zuwa ƙasa, na biyu a gicciye bayan na farko ya sha iska, don ramin da ɗaya ya tsallake ɗayan ya rufe. Bakin bututun rariya ta karɓi buroshin ta zagaye shi da kanta. Shafin ƙarshe kuwa tun yana ɗanye suka yi ta watsa masa yashi mai kaifi da hannu, har bangon ya yi kaushi kamar harshen saniya, domin siminti ba ya kama kwalta mai santsi, sai ya sami abin riƙewa.

Duk kwanakin nan Rahmatu ba ta samun shigowa, saboda Meshak na gidan. Sau ɗaya kawai, da yamma, Chinwe na wanke hannu da kananzir a bayan madafi, ta ji muryar Rahmatu ƙasa-ƙasa ta tsagar katako.

"Maman Faranki, an ce ɗakin za ki cika da ruwa. Bangon zai iya kuwa?"

"Zai iya."

"Ni dai gabana faɗuwa yake yi."

"Je ki kwanta, Yaya. Na ce zai iya."

Ba ta tsaya yi mata bayanin layi ba. Ina ruwan Rahmatu da layi?

Ranar Laraba aka yi cikon. Meshak ya gina ɗan shinge na bulo ɗaya a bakin ƙofar banɗakin, ya toshe rariya da tsumma da leda da dunƙulen yumɓu. 'Yan garuwa suka yi ta shiga da fita, matan unguwa na leƙe suna salati, wai a wannan rani da famfo ya ƙafe ake zuba ruwan rijiya mai kyau a ƙasa. Chinwe ta kwance ƙullin bula, shuɗin nan da ake sa wa fararen kaya, ta narka da yawa ta juye a ciki, ruwan ya koma shuɗi shar. Ta ce wa mai unguwa ba ta son gardama: an sake shafe ɗakin Malam da farar ƙasa, idan ruwa ya ratsa, shuɗi zai fito kowa ya gani. Ta ɗauki bokiti ta yi ta watsa wa bangon har sama, ruwan na gangarowa. Da ya natsa, mai unguwa ya tsuguna ya karci layi da ƙusa daidai bakin ruwan, Malam Nuru da Lawal na tsaye suna kallo. Aka ce sai Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Ranar Alhamis Chinwe ta tafi kasuwa kamar kullum, ta yi ciniki, ta yi faɗa da direban da ya jiƙa mata buhu biyu, ta dawo da yamma. Pius na ganinta ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna ƙofar banɗakin, bakinsa na rawa.

"Ruwa," ya ce. "Ruwa."

"Na sani, Papa, yana nan. Bar shi ya yi aikinsa."

Labule ne kawai tsakaninta da ruwan, amma ko ɗaga shi ba ta yi ba. Ita a ganinta leƙe na mai shakka ne. Ta yi masa abinci, ta goge masa jiki, ta yi barcinta har da minshari.

Juma'a bayan masallaci suka shigo ta ƙofar gida: mai unguwa, Malam Nuru cikin farar babbar riga, Lawal, Franklin da ya iso da safe, da Meshak a baya. Chinwe ta yaye labulen da hannu ɗaya, ba ta ma duba ba, fuskokinsu take kallo. A fuskar Meshak ta fara ganin akwai matsala. Ta juya. Layin ƙusa na nan a sama, ruwan na ƙasa, tsakaninsu ya kai faɗin yatsu uku.

Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da Pius ya faɗi. Amma tsoron bai hana kanta aiki ba. Zafin rana ba ya shan yatsu uku a ɗaki mai rufi. Ta tsuguna ta taɓa toshiyar rariya, tana nan daram. Ta san kowane taku na kwaltar nan, da hannunta ta bi kusurwoyin.

"Ruwan nan ba ta bi bango ba," ta ce. "Mu je mu duba."

Suka zagaya ta waje zuwa ɗakin Malam Nuru. Bangon gabas fari fat, a bushe ƙayau. Mai unguwa ya shafa, ya danna, ya sunsuna. Suka leƙa lungu, bakin rariya ƙura ce kawai. Suka komo tsakar gidan Chinwe.

"Bai fito ba tukuna, shi ke nan," in ji Lawal. "Ya bi ta ƙasa, yana cikin harsashin gini, wata mai zuwa mu gan shi. Ruwa ai ba ya tashi sama. Kuma ba a kan bango aka yi alkawari ba, a kan layi aka yi. Ita ta faɗa da bakinta."

Ba ƙarya ya yi ba. Mai unguwa ya murza hula. Franklin ya zo ya dafa kafaɗarta a hankali, ya ce, "Mama, kin yi ƙoƙari." Wannan tausayin ya fi maganar Lawal ciwo.

A lokacin ne Malam Nuru ya matsa daga inuwa ya shiga rana, idonta ya sauka kan rigarsa. Shekara da shekaru tana ganin wankin Rahmatu a kan igiya, ta san hannunta: mace ce mai tsimi, bula kaɗan take sawa kamar mai sa magani a ido. Yau kuwa rigar har wani shuɗi-shuɗi take yi, tana ɗaukar ido. Chinwe ta saci kallon bayan madafi. A ƙasa, daga ƙofar ɗakin Pius zuwa fallen kwanon da ke jingine, ga ɗigo-ɗigon shuɗi sun bushe a kan siminti.

Ta gane. Kalma ɗaya za ta faɗa gidanta ya tsira. Amma kalmar za ta tsaya ne a kan Rahmatu, a gaban mijinta da ƙanen mijinta da mai unguwa: ta karya maganar miji, ta cire ƙusoshi, tana shiga gidan da aka hana ta. Matar da ta yi ta ba Pius kunu a baki. Chinwe ta matsa ta taka ɗigon da ya fi kusa da mazan, ta rufe shi da silifas ɗinta.

"Na faɗa, ban janye ba," ta ce. "Aikina bai zubar ba, wannan na sani har gaban Ubangiji. Amma layi layi ne. Meshak, miƙo gudumar."

Meshak bai motsa ba. Sai aka ji ƙarar katako yana juyawa a kan ƙusa, fallen kwano ya ja baya ya faɗi ƙasa da ƙara. Rahmatu ta sunkuyo ta 'yar ƙofar, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta tsaya. Hannayenta har wuyan hannu shuɗi ne.

"Malam, ni na ɗiba," ta ce, idonta a ƙasa. "Jiya da rana."

Ta gyara mayafi ta ci gaba.

"Na kawo wa Baban Faranki kunu ne, kamar yadda nake kawowa kullum. Na ɗaga labule na ga ruwan ya yi yawa. Na ce bangon nan ba zai ɗauki wannan kaya har Juma'a ba, in ya gaza za a tafi da ita Kaduna. Sai na ce bari in rage masa. Ban san da wani layi ba. Da na ɗiba kuma na kasa zubarwa, ruwa mai kyau ga bula a ciki, a wannan rani. Sai na ɗauraye fararen kaya."

Kowa ya juya ya dubi rigar Malam Nuru. Shi ma ya sunkuya ya dube ta, ya ɗaga hannun rigar ya juya shi a rana.

Lawal ne ya fara samun baki. "Yaya, da ruwan banɗaki ka je masallaci?"

"Ruwan rijiya ne, a gabana aka zuba shi, a ɗakin da ba a yi wanka ba tun da aka gyara shi," in ji Malam Nuru. "Kai ma kana tsaye." Ya sake duban rigar. "Shi ya sa mutum biyu suka tambaye ni ko sabuwa ce."

Meshak ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Chinwe kuwa, da ya kamata ta faɗi ƙasa ta yi godiya, sai ga ta ta riƙe ƙugu tana harar aminiyarta, hawaye na zubo mata, ranta kuma a ɓace da gaske.

"Yaya, ashe ke ma ba ki yarda da aikina ba? Na ce miki zai iya."

"Kin ce," in ji Rahmatu. "Ni dai tsoro na ji."

Malam Nuru ya taka zuwa 'yar ƙofar. Ya dubi katakon da ke reto a kan ƙusa ɗaya, ya taɓa ramukan sauran ƙusoshin da yatsa, ramukan da suka daɗe da yin baƙi. Ya tambayi matarsa, ba tare da ya juyo ba, tun yaushe take kawo kunun. Ta ce tun da aka dawo da shi daga asibiti. Ya gyaɗa kai. Shi kansa sau ɗaya ya shigo duba Pius, ya tsaya daga bakin ƙofa, kuma kowa a wurin ya san haka.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa mai unguwa, "gwajin nan bai yi ba, daga gidana aka ɓata shi. A sake cikawa, kuɗin ruwan a wuyana. A sake jan layi." Ya kama katakon ya fizge shi da ƙusar gaba ɗaya, ya miƙa wa Lawal. "Ƙofar nan kuma a bar ta a buɗe, don in riƙa leƙowa da kaina ina ganin ba a ɗiba ba."

Franklin ya dubi hannayen Rahmatu. Ya je ya ɗauke fallen kwanon daga hanya ya jingina shi can bayan madafi.

Aka sake cikawa a ranar. Malam Nuru ya cika maganarsa, har ya wuce: safe da yamma yana tattare riga ya sunkuyo ta ƙofar, ya ɗaga labule ya dubi layi, sannan ya ja kujera kusa da gadon Pius ya zauna yana ba shi labarin kasuwa, Pius na amsawa da kalma ɗaya-ɗaya. Da mai unguwa ya dawo, ruwan na nan a bakin layi kamar an ɗaure shi. Chinwe ta dubi Rahmatu da ke tsaye a 'yar ƙofar, ta ɗaga gira.

Aka zare toshiya, ruwan ya bi rariya, amma sai da Rahmatu ta tare bokiti biyu tukuna. Meshak ya yi yaɓe a kan yashin, ya jiƙa tayil a baho, ya fara mannawa daga ƙasa yana waƙarsa. Chinwe na tsaye a kansa tana cewa layin ya karkace, shi yana cewa idonta ne.

Franklin ya koma Sabon Tasha shi kaɗai. An gama tayil, an kwashe shingen, gwaji ya wuce, ba sauran layin da za a duba. Washegari da la'asar Chinwe na dawowa daga kasuwa ta tarar da takalman Malam Nuru a ƙofar ɗakin Pius, ta wuce madafi ta ɗora ruwan shayi na mutum biyu.